Wadda Ta Ce wa Uwar Miji “Kai”

Na kalli abin da kunka ɗauka da wayarku, har ƙarshe na kalle shi, kada ku ce tsohuwa ta yi muku rowar ido. Yarinya ta ɗaura gashin doki, ta maƙala tabarau, ta ce “mamana ya zo, ya kawo mini bombom,” sauran sunka zube ƙasa da dariya. To, an yi dariya. Sai mi? Kun ce wai wasa ne kan ’yan ƙasarmu da anka haifa a waje. Ni ban ga ɗiyar kowa a ciki ba, gashin doki na gani da tabarau. Ku gyara zama ku ji. Ni Habsu, da wasan kwaikwayo na rediyo na ci na sha a garin nan na Ƙonni, da shi na aurar da ɗiyana, kuma ban taɓa sa tabarau ba, don rediyo ba ta nuna fuska. Murya kaɗai gare mu. In muryar ƙarya ce, mai sauraro zai murɗa akwatinsa ya koma tashar Sakkwato, ba ya ko yi miki sallama.

Aikin farko da Nomau ya ba ni, ban manta shi ba. Nomau shi ne shugaban turup ɗinmu, wato ƙungiyar ’yan wasa, wani siririn mutum mai kunnen tsiya, Allah Ya jiƙansa. A wajen biki ya ji ni ina kwaikwayon wata dillaliya, mata na ta riƙe ciki, sai ya aiko a kira ni. Na je ina taƙama. Ya tsayar da ni gaban mikoro ya ce, “Ki zama mace da ta taso daga rijiya da tulu a ka, ta haɗu da surukinta a hanya. Gaishe shi.” Na lanƙwasa murya na zuba gaisuwa mai daɗi, har da ina gajiya. Ya rufe ido yana saurare, da na gama ya ce, “Tulun nan naki fanko ne.” Ya sa anka ciko tulu na gaske anka aza mini, ya ce in kewaya gidan rediyon har sai ya kira ni. Da na dawo ya ce in sake. Ashe mai tulu a ka ba ta iya jan gaisuwa. Wuya ya sandare, numfashi ya gajarce, magana ta haƙora take fita, guntu-guntu. Nan na gane kwaikwayon biki daban, sana’a daban. Na daɗe a hannunsa ina yin muryar maƙwabciya da mai sallama daga zaure kafin ya yarda ya ba ni mutum guda cikakke in riƙe.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Mikoro ɗaya ne mu duka, kuma shi ne gidan baki ɗaya: in kin matso kusa da shi kina cikin ɗaki, in kin ja baya taki kaɗan kina tsakar gida, in kin juya masa ƙeya kin kai ƙofar zaure. Bango mun lulluɓe shi da tsofaffin katifu don kada ƙarar mashin ta shigo. Akwai faranti cike da yashi na takun ƙafa, akwai ƙaramin turmi, akwai ƙwarya da ruwa, da wani guntun ƙyauren langa-langa da Nomau ya fi ji da shi fiye da rigarsa. In za a fara ɗauka sai a kashe fanka, ko da bazara ce, don mikoro na jin iskarta. Gumi na bin bayanki kina yin matar da ke rawar ɗari. Kaset muke ɗauka da shi, in ya cuɗe a sa biro a naɗe. Ku yanzu kuna kuskure ku goge da yatsa ku sake, shi ya sa ba ku tsoron kuskure, shi ya sa kuma ba ku shiryawa.

Masu sauraronmu kuwa ba su da wasa. ’Yan kabu-kabu na bakin iyaka, masu lambun albasa na Tsarnawa da ke rataye akwati a reshen icce, leburorin siminti na Malbaza, mata masu surfe da la’asar, har duwan, wato kwastan, da jandarma a rumfarsu. Akwai lokacin da na yi wata mata da ta bar mijinta kwance ba lafiya tana yawon biki. Na shiga kasuwa sayen tumatir, ina buɗe baki in taya, mai tumatir ta janye tirenta ta ce, “Ke ce? Je ki ba shi magani tukuna.” Ban ji haushi ba, daɗi na ji. Na koma gida ba tumatir na yi miyar kuka.

Mummunar shekararmu ita ce shekarar da Abija ta rikice. Kun san ƙasar nan tamu, da wuya ki sami gidan da ba shi da mutum a can. Aiken kuɗi ya tsaya. ’Yan kasuwar da ke sa talla a shirinmu sunka janye ɗaya bayan ɗaya, samarin turup sunka watse, wani ya koma kabu-kabu, wani ya tsallaka Najeriya. Sabon kaset ya gagare mu, sai mu goge tsohon wasa mu ɗauki sabo a kansa, har wani lokaci kina jin muryar bara tana motsi a ƙarƙashin ta bana. Sai ga manyan motoci sun fara sauke mutane a tasha, da katifu da bokitai da yara. Da yawansu can anka haife su, can anka haifi iyayensu. Sun zo gida, gidan da ba su taɓa gani ba. Yara na Faransanci da Julanci, suna ganin fura suna kau da kai. Masu jin Hausar kuma, tasu Hausar ta zango ce, ta unguwannin baƙi na can, wadda ba ta raba mace da namiji. Kowa “shi” ne, kowa “kai” ne. Gari ya samu abin dariya, yara na bin su a lungu suna “matana ya haihu.”

Darakta na gidan rediyo ya kira mu buro, wato ofishinsa, ya ce ga abin da zai dawo mana da masu talla: mu yi wasa kan ’yan Abija, mu sa mutane dariya. Irin naku ɗin nan dai yake so, gashin doki ne kawai babu. Nomau ya ce za mu yi. Da munka fito ya dube ni ya ce, “Ke za ki riƙe matar. Amma kin san dokata.” Na san ta. Nomau ba ya barin ɗan wasa ya ɗauki muryar mutanen da bai ci abinci a gidansu ba. Ya ce abin da kunne ke tsinta a titi ɓawo ne, kuma kowane sakarai na iya tsintarsa. Ya ce in tafi in nemo mace guda, ba ’yan Abija ba, mace guda mai suna.

Ƙanwata Rabi tana aure a wani ƙauye bayan Badagishiri, ita ta ba ni labarin Fanta. Fanta matar wani Sani ce, ɗan ƙauyen, da ke da shago a Abija. Da gari ya ɓaci ya sako ta a mota da ɗiyansu biyu ya ce su je wajen uwarsa, shi zai biyo baya. Bai biyo ba, kuma labarinsa ya yanke. Uwar tasa, Inna Tsahara, tsohuwa ce mai ji da kanta, irin waɗanda ko limami ke gaishe su da rusunawa. Safiyar farko Fanta ta zo ta tsaya a kanta, ba durƙuso, ta ce, “Inna, ka kwana lafiya?” Tsohuwa ta waiga ta ga ko akwai namiji a bayanta. Anka ce baƙunta ce, za ta gyara. Ba ta gyara ba. Ran da ƙawayen tsohuwa sunka zo barka da arziki, Fanta ta kawo ruwa ta nuna ta ta ce, “Shi ne uwan mijina, yana da kirki.” Tsofaffi sunka kwashe da dariya har da tafi, ɗaya ta ce, “Tsahara, yaushe kika yi gemu?” Daga ranar duk ƙauyen ke kiran tsohuwa Malam Tsahara a bayan idonta. Ita kuma ta ɗauka raini ne, ta daina amsa gaisuwar surukarta.

Sai Fanta ta rufe bakinta. Ba ta ƙara cewa uffan ba, ga tsohuwa ko ga kowa. Tana daka, tana ɗebo ruwa, tana wanke wa tsohuwa kaya, duk a shiru. Wasu sunka ce girman kai ne, wasu sunka ce iska ce. Mamman, wan mijinta, shi ke riƙe da gidan, ya yanke magana: da an gama girbi za a sa ta mota ta koma wajen danginta har Sani ya bayyana. Yara kuwa na gidan ne, nan za su zauna. Rabi ta ce mini, “Yaya, ga mai murya na samo miki, sai dai ba ta magana.”

Yadda ake ɗaukar muryar wanda ba ya magana, wannan ba ya cikin wayarku. Ban je da rakoda ba, ban je da tambaya ba. Na sauka wajen Rabi, na shiga gidan na gaishe da tsohuwa kamar kowace baƙuwa, na ga Fanta tana tankaɗe a gindin rumbu, doguwa, baƙa, ido a ƙasa. Na yi mata sannu ta ɗaga kai kawai. Kashegari na shiga kasuwar Badagishiri na sayo garin rogo da kifi da albasa da tattasai, na sa Rabi ta roƙo mini ita, wai ina son a nuna mini aceke, dambun rogon nan na mutanen Abija. Ta zo ta zauna a bakin murhu tana nuna mini da hannu. Ni kuma na shiga ɓarna da gangan. Inda ta nuna a yayyafa ruwa, sai na kwara. Ta runtse ido. Na ɗora madambaci ban toshe gefensa ba, tururi na ta tsiyaya. Ta ciji leɓe. Da na ɗauko kifi zan jefa a man da bai yi zafi ba, sai ta riƙe mini hannu ta ce, “A’a, ka bari. Za ka kashe kifin nan sau biyu, o.” Mai sana’a ba ya iya kallon ana wulaƙanta sana’arsa ya yi shiru, ko an ɗinke masa baki.

Ban yi dariya ba, ban gyara mata ba. Na ce, “To nuna mini.” Ta karɓe ludayi, magana ta ɓalle. Ina yanka albasa ina saurare. Na ji maganarta sauri gare ta, ba ta ja kamar tamu, ƙarshenta na ɗagawa sama, tana rufe ta da “o.” Na ji Faransancinta ba ko’ina yake faɗowa ba, sai in zancen lokaci ne ko likita ko lakwal, wato makarantar yara. In ranta ya sosu kuwa, ko kalma ɗaya ta Nasara babu, Hausar zango ce tsantsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku kuskurenku. Ku kun ɗauka Hausa ce ba ta iya ba. Ita kuwa Hausarta ce ta iya, ita ta sha a nono.

Na yi kwanaki ina zuwa muna girki kafin in faɗa mata ko ni wace ce da abin da ya kawo ni. Na ce in ba ta so, na bar shi, in nemi wata. Tana juya wuta ta ce, “Kakana mace ne, ya fito Illela da ƙafa, da goyo. Ya haifi uwana a Kumasi, uwana ya haife ni a Abija. Can kullum ana ce mana, ku ’yan Nijar, ku tafi gidanku. Ni ina cewa a raina, to, ina da gida. Na zo gida, an ce ba na jin Hausa.”

Na ce, “Fanta, abin fa kaɗan ne. Ki ce ta, ki ce ke, magana ta ƙare, ki zauna da ɗiyanki.”

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, “Kana tsammani kurma ne ni? Na sani. Ina zuwa bayan gari wajen itace ina gwadawa. Inna ta zo, Inna ta ci. Yana fita. Amma in na ce uwata ta rasu, sai in ji uwan wani nake faɗi. Uwana ya rasu. Shi ya koya mini magana. Kai Fanta, zo ka ci, haka yake kirana. An ƙone ɗakinmu, ban fito da zanen shi ba, ban fito da hoton shi ba. Bakin nan kaɗai na fito da shi.” Ta share ido da gefen zane ta ce, “Inna kuma, na ce mashi kai don haka nake ce wa uwana. Ban san wani suna da ya fi shi ba.”

Albasa nake yankawa, amma ba ita ta sa ni hawaye ba, tausayi ne ya kama ni. Na tambaye ta ko ta taɓa faɗa wa tsohuwa haka. Ta ce da wane baki, tunda bakin ne laifin. Can ta ce, “Ka sa shi a rediyo. Amma ka sa shi yadda na faɗa, kada ka gyara mini.”

Da na koma Ƙonni munka zauna da Nomau munka gina wasan. Suna mun canza, ta zama Mariyetu. Ƙauye mun ƙaga wani, miji mun mayar da shi direba, yara mun ƙara ɗaya, mun sako wani maƙwabci mai shisshigi da babu shi a duniya. Haka ake yi, ana yi wa gaskiya sutura kafin a fito da ita. Makon farko mun bar mutane sun yi dariya, don dariya ce ke zaunar da mai sauraro, darakta ma ya ji daɗi. Sai dai ni ban taɓa ƙara wa muryar gishiri ba. Ban siranta ta ba, ban yi mata yanga ba. Yadda Fanta ke faɗi a bakin murhu haka nake faɗi, da nauyinsa. Mako na biyu Mariyetu ta tafi rijiya ba ta iya jan guga ba, igiya ta yanke mata tafi, ta ɓoye hannun. Dariya ta ragu. Mako na uku ba ta yi magana ba sam. Kun san wahalar yin shiru a rediyo? Sai da takun ƙafa a farantin yashi, da ajiye ƙwarya a hankali, da numfashin wanda ya buɗe baki ya fasa. Mutane sunka fara tare ni a hanya suna cewa, “Wai ba za ta ƙara magana ba?”

Ranar da za mu ɗauki zancen uwar, Nomau ya kwashe turmi da faranti da ƙyaurensa ya fitar waje. Ya ce, “Yau ba kaya. Ke da mikoro.” Ya matso da ni har leɓena na kusa taɓa shi. Kaset mai kyau guda ya rage mana, ba damar sakewa. Na faɗi maganar Fanta kamar yadda ta ba ni, ban ɗebe ba ban ƙara ba. Da na kai “ban san wani suna da ya fi shi ba,” Nomau ya ɗaga hannu ya bar kaset na tafiya a shiru na ɗan lokaci kafin ya kashe. Bai yaba ba, shi ba ya yabo. Ya ce a kunna fanka.

Amma suna ake canzawa, murya ba ta ɓuya. Shirin na fita, kwana kaɗan sai ga Mamman a gidan rediyo, babbar riga na jan ƙasa, ido ja. Ya ce mun kwashe sirrin gidansu mun watsa wa duniya. Nomau ya ce, “Malam, mun ambaci sunanka ko na garinku?” Ya ce, “Ko akuyar garinmu ta gane ko wace ce.” Ya ce tunda abin ya zama haka, ba zai jira ƙarshen girbi ba, ran kasuwar Badagishiri mai zuwa za ta hau mota. Ya buga ƙofa ya fita. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Aikin na san mun yi shi daidai, kuma ita ta ce a yi, ko yau anka dawo da ni haka zan yi. Amma mace za ta rabu da ɗiyanta, kuma muryata na cikin abin da ya gaggauta shi. Nomau ya ce, “Wanda ya ari murya, ranar wuya ba ya ɓuya a bayan mikoro. Tashi ki tafi.”

Na isa ƙauyen da hantsi ran kasuwar. Motar da ke kwasar ’yan kasuwa na tsaye a bakin hanya ana ɗora buhunan albasa. Jakar Fanta na sama an riga an ɗaure. Ita tana tsaye a gefe, ta yafa mayafi, matar Mamman ta shige da yaran ɗaki ta rufe, ana jin kukan ƙaramin. Na shiga gidan in gaishe da tsohuwa. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙaramin akwatin rediyo na jingine da bango. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, ta ce, “Sake magana.” Na sake. Ta ce, “Ke ta. Ke ta mai rediyo.”

Na ce, “Ni ce, Inna.”

Ta ce, “Ku mutanen wasa maƙaryata na. Ɗana ba direba ba na, kuma jikokina biyu.”

Na ce, “Haka ne, Inna, wannan mu munka ƙaga.”

Ta dubi akwatin rediyon. Sannan ta ce, “Wancan zance na uwa tata, da abin da ta ka ce mata. Shi ma ku kunka ƙaga?”

Na ce, “Wannan kam daga bakinta na ɗauko shi, Inna. Ko wasali ban taɓa ba.”

Ta lalubo sandarta, na miƙa hannu in taimaka ta ture shi. Ta miƙe ta nufi ƙofar gida, ni ina biye. Tsohuwar da anka ce ta daɗe ba ta wuce zaure ba, ta taka har bakin hanya, mutane na buɗa mata. Direba ya riga ya tayar da mota, Mamman na cewa Fanta ta hau. Tsohuwa ta daki ƙarfen motar da sanda ta ce, “Ku sauke kayan shi.”

Mamman ya ce, “Kayan wa, Inna?”

Ta nuna Fanta da sanda. “Shi. Ba shi zuwa ko’ina. Shi ka ba ni ruwa, shi ka wanke mini tuhwahi.”

Wasu samari a saman mota sunka fara ƙyaƙyatawa, sun ɗauka tsufa ne ya karkatar mata da harshe. Mamman ya sunkuyo ya rage murya ya ce, “Inna, ita za ki ce. Mutane na ji.”

Ta ce, “Su ji. Na san abin da ni ka hwaɗi, tun ba a haihe ka ba ni ka Hausa.” Ta ɗaga kai ta dubi na saman motar ɗaya bayan ɗaya har dariyar ta mutu. Anka kwance igiya anka miƙo jakar. Sannan ta juya wajen surukarta ta ce, “Kai, ɗauki kayanka mu koma gida. Ɗiyanka na kuka.”

Fanta ta tsaya kamar ba ta ji ba. Ta buɗe baki ta rufe, irin na wanda ya daɗe bai yi amfani da shi ba. Ta ɗauki jakar ta aza a ka, ta zo ta kama tsohuwa a gwiwar hannu, wannan karon ba a ture ba. Sun yi ’yan taku sai na ji muryar, ƙasa-ƙasa, da ɗagawar nan tata a ƙarshe.

“Inna, ka karya kuwa?”

“Ban karya ba,” in ji tsohuwa. “Kai ni ka jira.”